Dokin Taƙama da Doki Ruwa Biyu a Gasar Dogon Zango: Me Tarihi Ya Ce?





Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin ma'abota dawaki, musamman a Amurka da Turai inda gasar dogon zango ta yi ƙarfi. Gasar dogon zango ita ce wadda mahayi ɗaya a kan doki ɗaya zai keta kilomita 80, ko 120, ko 160 a yini guda, likitocin dabbobi suna tare shi a kan hanya suna duba lafiyar dokin. Kusan duk inda aka yi wannan gasa dokin Larabawa ne ke kan gaba, har wasu suka yanke hukuncin cewa wanda ya shige ta da wani doki daban ya ɓata lokacinsa. To, ina matsayin dokin taƙama? Ina kuma matsayin doki ruwa biyu, wanda uwarsa da ubansa ba jinsi ɗaya ba ne? Tambayar tana da nauyi, domin idan mutum ya yi kuskuren zaɓi ko kuskuren shiri, dokin ne zai biya da ƙafarsa ko da ransa. Tarihi ya ajiye mana amsoshi masu yawa a kanta, tun daga Madina har zuwa duwatsun Kalifoniya, kuma su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya in Allah Ya yarda.

Mene ne dokin taƙama?

Galibin dawakin duniya tafiya uku suka sani: tafiyar hankali, da sassarfa, da sukuwa. A sassarfa, ƙafar gaba ta dama da ƙafar baya ta hagu suna sauka tare, sannan sauran biyun su sauka tare, a tsakani kuma akwai ɗan lokacin da dokin yake sama gaba ɗaya. Wannan ne ya sa sassarfa take jijjiga mahayi, wanda bai saba ba ya sauka da ciwon baya da na cinya. Amma akwai dawakin da Allah Ya hore wa wata tafiya ta daban mai saurin sassarfa, wadda ƙafafu huɗun suke sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma ko yaushe akwai aƙalla ƙafa ɗaya a ƙasa. Mahayi yana zaune a sirdi kamar ruwa yana ɗauke da shi. Ita ce mahayanmu suke kira taƙama, Larabawa suka kira ta hamlaja, dokin da ke yin ta kuma himlaj, Turkawa kuwa suna ce masa rahwan, kalmar da suka aro daga Farisanci, daga sunan hanya.

A shekarar 2012 masu bincike a Jami'ar Upsala ta ƙasar Siwidin, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Leif Andersson, suka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado guda ɗaya, wadda suka yi wa laƙabi da DMRT3, yana da babban tasiri a kan wannan tafiya. Ƙwayar tana aiki ne a jijiyoyin laka waɗanda ke tsara yadda ƙafafu suke karɓa-karɓa. Abin lura a nan shi ne, aikinta tsara takun ƙafa ne. Girman zuciya, da faɗin huhu, da yadda jiki ke fitar da zafi, wasu abubuwa ne daban. Saboda haka kasancewar doki mai taƙama, ita kaɗai, ba ta gaya mana komai game da juriyarsa. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo gare shi.

Yadda magabata suka rarraba dawaki

Larabawa sun kula da nasabar doki kamar yadda suka kula da tasu, har Ibnul Kalbi ya wallafa littafi sukutum a kan nasabar dawaki, Abu Ubaida da Asma'i kuma kowannensu ya rubuta nasa Kitabul Khaili. A wurinsu doki kashi huɗu ne. Wanda uwarsa da ubansa Larabawa ne shi ne atiƙ. Wanda duka iyayensa ba Larabawa ba ne shi ne birzaunu, jam'insa barazin, wato dawakin Farisa da Rum da Turkawa masu kauri da nauyin jiki, kuma a cikinsu ne aka fi samun masu hamlaja. Wanda ubansa Balarabe ne uwarsa ba Balarabiya ba shi ne hajin, wanda kuma uwarsa ce Balarabiya shi ne muƙrif. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne muke kira ruwa biyu.

Masu tarihi irin su Ɗabari sun ruwaito cewa lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya tafi karɓar Baitul Maƙdis, dokinsa ya sami ciwon kofato saboda nisan hanya, sai aka kawo masa birzaunu ya hau. Da dabbar ta fara rangaji da shi sai ya sauka, ya ƙi ta, yana ganin tafiyar tata girman kai ce aka koya mata. Abin sha'awa, a harshenmu ma kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anar wannan tafiya da ma'anar alfahari. Labarin yana nuna mana cewa tun a wancan zamani manyan Sham sun ɗauki dokin hamlaja a matsayin abin hawan sarauta da jin daɗin tafiya.

Sai kuma mas'alar ta shiga littattafan fiƙihu ta ƙofar rabon ganima. An ruwaito cewa a ɗaya daga cikin yaƙoƙin Sham an bi sawun abokan gaba, dawakin Larabawa suka cim musu a ranar, dawakin ajam masu nauyi kuwa ba su iso ba sai da hantsin washegari. Shugaban mahayan, wani mutumin ƙabilar Hamdan mai suna Munziru, ya ƙi daidaita su a rabo, aka rubuta wa Umar (RA) ya tabbatar da hukuncinsa. Malaman hadisi sun ce isnadin labarin yankakke ne, kuma jamhurin malamai ba su yi aiki da shi ba. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya ƙidaya birzaunu da hajin a cikin dawaki, yana mai kafa hujja da aya ta 8 ta Suratun Nahli, wadda ta ambaci dawaki da alfadarai da jakuna ba ta ware wa birzaunu wani suna na dabam ba. Imamu Shafi'i da Imamu Abu Hanifa ma ba su bambanta su a rabo ba, daga Imamu Ahmad kuma an sami ruwayar da ta rage musu kaso. Daga cikin dalilan da malamai suka ambata har da cewa Balaraben doki ya fi saurin bi da saurin tsira, birzaunu kuma ya fi haƙuri da ɗaukar nauyi, kowanne da amfaninsa.

A ƙarni na 14 Ibnu Baɗɗuɗa ya ga irin wannan bambanci a kasuwa. Ya ba da labarin dawakin makiyayan Ƙifjaƙ, arewa da Baƙin Teku, waɗanda ake kira akadish, ana kora su zuwa Indiya garke-garke, garke ɗaya yakan kai dubu shida. Ya ce mutanen Indiya suna sayen su ne saboda ƙarfinsu da faɗin takunsu, domin mayaƙansu suna sa sulke su kuma sa wa dawakin, idan kuwa dokin tsere suke so, daga Yaman da Oman da Farisa ake kawo musu, da tsada mai yawa. Ke nan mutanen da suka rayu a bayan doki ba su taɓa tambayar wane doki ya fi ba tare da sun ce a wane aiki ba.

Tseren Madina

A cikin Bukhari da Muslim, Abdullahi ɗan Umar (RA) ya ba da labarin tseren da Manzon Allah (SAW) ya shirya a Madina, wanda shi kansa Ibnu Umar ya kasance cikin mahayansa. Dawakin da aka yi wa horon da ake kira tadmiri sun tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar da masu ruwaya suka ƙiyasta da mil biyar zuwa bakwai. Waɗanda ba a yi musu ba kuwa sun tashi daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil ɗaya. Masu sharhi sun bayyana tadmiri da cewa a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci zuwa gwargwadon buƙata, a lulluɓe shi ya yi gumi har kitsensa ya narke, jikinsa ya yi sauƙi, ya iya jure gudu, kuma yawanci kwana arba'in ake ɗauka.

Likitocin yau ba su yarda a matse ruwan jikin doki ta hanyar lulluɓi ba, sun maye gurbinsa da doguwar ƙilisa a hankali wata da watanni. Amma ƙa'idar da tseren ya ginu a kanta tana nan daram. An raba dawakin ne bisa shirin da aka yi musu, aka ba wanda ya shirya doguwar tazara, wanda bai shirya ba aka ba shi gajeriya. Hadisin bai ambaci nasabar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Zamanin da taƙama ta mallaki hanya

A Turai, tun ƙarni na farko na miladiyya marubucin Rumawa Filini Babba ya siffanta dawakin arewacin Sifen masu lallausar tafiya. A tsawon ƙarnoni na tsakiya, lokacin da hanyoyi suke laka da duwatsu kuma duk mai nisan tafiya a kan sirdi yake yin ta, dokin taƙama shi ne abin hawan fatake da limamai da matan sarakuna, kuma mai kyau a cikinsu yakan yi tsada ƙwarai. Wani bincike na shekarar 2016 a kan tsofaffin ƙasusuwan dawaki 90 ya sami wancan sauyi na ƙwayar gado a dawaki biyu daga garin Yok na Ingila, tsakanin shekarar 850 da 900, ya kuma same shi da yawa a dawakin farko na tsibirin Aisland. Har yau dokin Aisland, ɗan gajere mai yawan gashi, yana riƙe da taƙamarsa wadda mutanen can ke kira tolt, kuma dokar ƙasar ta hana shigo da doki daga waje, wanda ya fita ma ba ya komawa.

Daga ƙarni na 17 zuwa na 18 sai aka gyara hanyoyin Turai, keken doki ya yawaita, rundunonin soja kuma suka fi son mai sassarfa, a hankali dokin taƙama ya yi ƙaranci a can. Amma ya riga ya ƙetare teku. A nahiyar Amurka, inda gonaki suke da faɗi kuma hanyoyi ba su da kyau, ya sami gida: Faso na ƙasar Peru, da Faso Fino na Kolombiya da Fotoriko, da Mangalarga na Burazil, da dokin jihar Tenesi wanda aka buɗe wa rajista a 1935, da na jihar Mizuri a 1948. Manoma da likitocin karkara da masu gadin daji ne suka raine su, mutanen da ke wuni a kan sirdi su kuma sake hawa washegari. Wannan juriya ce ta gaske, sai dai juriyar matafiyi ce wanda ba ya tsere da agogo.

Daga gwajin soja zuwa gasa

Tseren dogon zango na zamani ya samo asali ne daga sojoji, kuma farkonsa mai muni ne. A watan Oktoba na 1892 hafsoshin Jamus suka tashi daga Barlin zuwa Biyana, na Ostiriya da Hangari kuma suka tashi daga Biyana zuwa Barlin, tazarar kusan kilomita 580, babu hutun dole, babu likitan da zai dakatar da kowa. Hafsan Ostiriya, Wilhelm Starhemberg, ya zo na ɗaya cikin awa 71 da 'yan mintoci, dokinsa Atos ya mutu bayan isowa. Goɗiyar wanda ya zo na biyu ma ta mutu, jimillar dawakin da suka halaka ta haura 20. Larabawa suna da suna ga irin wannan mahayi, suna ce masa almunbattu, wato wanda ya matsa wa abin hawansa har ya kashe shi a tsakiyar hanya, ya rasa tafiyar ya rasa dabbar.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka shirya wani gwaji mai tsari a Amurka domin sanin irin dokin da ya dace da mayaƙan doki: mil 300, wato kimanin kilomita 480, cikin kwana biyar, da kaya masu nauyi, kuma ana ba da maki a kan lafiyar dokin bayan isowa. A 1919 wata goɗiyar Larabawa mai suna Ramla ce ta yi nasara, a 1921 wani Balaraben mai suna Kirabet. A 1923 kuwa Guya ne, ruwa biyu tsakanin Balarabe da dokin sukuwar Ingila. Shekarun da ke tsakani dawaki masu jinin dokin sukuwar Ingila ne suka lashe.

Sai dai akwai shaidar da ta zo da akasin haka. A 1935 mahayan Turkumenistan suka taso daga Ashkabad zuwa Masko, fiye da kilomita 4,000 cikin kwana 84, har da keta hamadar Karakum cikin kwana uku da ruwa ƙalilan. Dawakinsu na gida, Akal-Teke da Yomud, sun iso da ƙarfinsu fiye da waɗanda aka gauraya da dokin sukuwar Ingila, kuma wannan ne ya sa aka daina karɓar gaurayen a littafin nasabar Akal-Teke. Darasin shi ne gauraya tana iya ƙarawa kuma tana iya ragewa, ya danganta da abin da aka haɗa da kuma ƙasar da za a taka. Jinin da aka tace domin sukuwar mil ɗaya ko biyu a filin ciyawa bai ƙara wa dokin hamada komai ba.

A 1955 wani ɗan kasuwa na garin Oban a Kalifoniya, Wendell Robie, ya hau dokinsa Balarabe tare da wasu abokansa suka keta duwatsun Siyara Nebada, daga kusa da tafkin Taho zuwa garinsu, mil 100 cikin yini ɗaya. Wannan ita ce gasar da aka sani da Kofin Tebis, uwar gasannin dogon zango na yau. Ana ba mahayi awa 24, kuma a yawancin shekaru kimanin rabin waɗanda suka tashi ne suke kammalawa. Daga 1964 aka ƙara Kofin Hagin, wanda ake ba dokin da ya fi lafiyar jiki a cikin goman farko. Ostireliya ta fara tata gasar a 1966, aka kafa ƙungiyar AERC a Amurka a 1972, hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta shirya gasar duniya ta farko a Italiya a 1986. Babban abin da ya raba waɗannan da tseren 1892 shi ne ikon likita. A kowane zango sai bugun zuciyar doki ya sauko zuwa adadin da aka ƙayyade, a dokar FEI bugu 64 a minti, sannan a duba ruwan jikinsa da motsin hanjinsa, a sa shi sassarfa a ga ko yana ɗingishi. Wanda ya faɗi gwajin an cire shi, ko da kuwa bayan ya tsallake layin ƙarshe ne.

Me ya sa Balarabe ya rinjaya?

Wannan doka ta bugun zuciya ita ce mabuɗin fahimtar rinjayen dokin Larabawa. Doki mai gudu, mafi yawan ƙarfin da tsokarsa ke ƙonawa zafi yake zama, kuma a rana mai zafi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya. Dokin da ya fi saurin fitar da zafi shi ne zuciyarsa ta fi saurin kwanciya. Balarabe siriri ne, mai ƙaramin jiki da siririyar fata, jijiyoyin jininsa suna kusa da sama, kuma tsokarsa tana da kaso mai yawa na zaren da ke aiki a hankali ba ya saurin gajiya. Saboda haka yakan shiga wurin likita ya wuce cikin minti biyu ko uku, alhali doki mai kaurin tsoka yana tsaye ana kwara masa ruwa, agogo kuma yana tafiya. Idan aka tara waɗannan mintoci a zango biyar ko shida, sun isa su raba na ɗaya da na ashirin.

Yawancin jinsunan taƙama sun fi Balarabe kauri, kuma a nan ne matsalarsu take. Akwai kuma wasu matsaloli biyu. Ta farko, likita ya saba gane ɗingishi a sassarfa domin takunta biyu ne daidai wa daida, taƙama mai taku huɗu kuwa tana iya rikita idon wanda bai saba ba, ko da yake dokar AERC ta yarda a gwada doki a tafiyar da take daidai da sassarfa a wurinsa. Ta biyu, wasu daga cikin waɗannan jinsuna an karkatar da kiwonsu daga hanya zuwa filin nuni. A dokin Tenesi abin ya kai har ana ƙona ƙafafunsa da sinadarai domin ya riƙa ɗaga su sama, zaluncin da ya sa majalisar Amurka ta kafa dokar kare dawaki a 1970. Dokin da aka tace kakanninsa domin ƙawa ta mintoci kaɗan ba ɗaya yake da ɗan'uwansa na gona ba, ko da sunan jinsinsu ɗaya ne.

Shaidun da suka tsaya musu

Duk da haka kundin gasar cike yake da sunayen da suka hana a rufe ƙofa. Wani dokin Aisland mai suna Remington ya tara fiye da mil 10,000 a gasannin AERC, wani dokin Tenesi mai suna John Henry kuma ya kammala Tebis fiye da sau ɗaya. Ba su zo na ɗaya ba, amma sun iso da lafiyarsu, kuma taken ƙungiyar AERC kansa yana ɗaukar kammalawa a matsayin nasara. Akwai kuma ribar da taƙama take bayarwa wadda agogo ba ya gani: mahayin da bai gaji ba ya fi zama daidai a sirdi, bayan dokinsa ya fi hutawa, kuma mai ciwon gwiwa ko dattijo yana iya kai zangon da sassarfa za ta hana shi kaiwa.

Ruwa biyu kuwa hujjarsa ta fi ƙarfi. A bargar gwamnati ta Babolna a Hangari an ɗora ingarmun Larabawa, cikinsu har da Shagya wanda aka kawo daga Sham a 1836, a kan goɗiyoyin da ba tsantsar Larabawa ba, aka sami jinsin da ke ɗauke da sunansa. A ma'aunin magabata tushen wannan jinsi hajin ne, ga shi kuma dokin Shagya mai suna Hungares shi ya lashe gasar duniya ta kilomita 160 a Ahen ta Jamus a 2006. Elmer Bandit, wanda rabinsa Balarabe ne yana kuma da jinin Fasheron, ƙaton dokin jan kaya na Faransa, ya haura mil 20,000 a gasar bin hanya ta Amurka, ya kafa tarihin a 2008 yana da shekara 37.

Mafi ban mamaki shi ne abin da ya faru a 1976, lokacin da Amurka ke bikin cika shekara 200. An shirya tsere daga jihar Niyok zuwa Sakaramento ta Kalifoniya, fiye da mil 3,000 cikin kimanin kwana 100, kowane mahayi da dabba biyu. Dawakin Larabawa sun shiga da yawa, na Aisland ma sun shiga. Wanda ya lashe shi ne Virl Norton a kan alfadari mai suna Lord Fauntleroy, Balaraben doki ya biyo bayansa. Alfadari, ɗan jaki da goɗiya, shi ne ƙarshen ruwa biyu, kuma shekara biyu kafin nan wani alfadarin mai suna Hugo ya karɓi Kofin Hagin a Tebis. Da tafiya ta tashi daga yini ɗaya ta koma wata uku, sai saurin kwanciyar zuciya ya rage muhimmanci, ƙarfin kofato da cin abinci da rashin jin rauni suka zama su ne ma'auni.

Abin da za a fita da shi

Idan manufar mutum ita ce lashe kilomita 160 a yini ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tarihin shekara saba'in ya nuna cewa Balarabe ko mai jininsa ne zai ba shi. Idan manufarsa kammalawa ce da lafiya, ko tafiyar kwanaki a jere, ko hanya mai duwatsu a ƙasa mai sanyi, to dokin taƙama siriri wanda ya fito daga zuriyar aiki ya isa, haka ma ruwa biyu da alfadari. A kowane hali dokin da ke gabanka za ka duba: zurfin ƙirjinsa, miƙewar ƙafafunsa, ƙarfin kofatonsa, ko yana shan ruwa yana cin harawa a baƙuwar hanya, da mintocin da zuciyarsa ke ɗauka kafin ta kwanta. Sannan a ba shi lokaci, domin zuciya da huhu suna ƙarfafa cikin watanni, amma jijiya da ƙashi sai an shekara biyu ko uku ana horo, shi ya sa Tebis ba ta karɓar dokin da bai cika shekara shida ba.

Kyakkyawar nasaba ma ba ta kare doki daga mugun mahayi. A watan Maris na 2015 hukumar FEI ta dakatar da ƙungiyar dawaki ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na wasu watanni saboda matsalolin lafiyar dawaki da karya dokoki a gasanninta na hamada, inda gudu ya yi yawa har dawaki suna karyewa, alhali galibinsu Larabawa ne masu tsada. Manzon Allah (SAW), kamar yadda Muslim ya ruwaito, ya umarci matafiyi ya ba raƙuminsa rabonsa na kiwo idan ya ratsa ƙasa mai albarka, kuma a tseren Madina bai ɗora wa dokin da ba a shirya ba abin da ya ɗora wa shiryayye. Duk wanda zai hau, Balarabe ne dokinsa ko birzaunu ko hajin, wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ya fara riƙewa kafin ya sa ƙafa a likkafa.

Allah Ya sa mu cikin masu tausaya wa abin da Ya hore mana, amin. Wallahu a'alam.